Malam koci, ina shagonka yake?

 Yau ba a gaban makirfo nake ba, babu mai ɗaga mini hannu ya ce lokaci ya cika, don haka ku yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina da hannu a cikinsa.

Bara waccan aka kawo mini wani baƙo cikin shirina na safe. Matashi ne, kwat da kravat, agogo mai walƙiya, faransanci kamar a bakinsa aka ƙera shi. A katinsa an rubuta koci, ƙwararre kan harkar kasuwanci. Ya biya kuɗin minti 30 a sashen talla kamar yadda kowa ke biya, tambayoyin ma shi ya rubuto mini su a takarda. Na yi masa su ɗaya bayan ɗaya, ya amsa da daɗin baki, ya ce talauci a cikin kai yake, ya ce duk matashin da ya bi tsarinsa cikin wata shida zai daina roƙon kuɗin shayi. Da zai tafi na karanta lambar wayarsa har sau uku, na ƙara da cewa kada a bari a ba ku labari. Ban tambaye shi mi yake saidawa ba. Ban tambaye shi ina shagonsa yake ba.

Cikin waɗanda suka rubuta lambar nan a ranar har da ɗan ƙanwar mahaifiyata. Yaro ne mai hankali, yana da lisans, ya shekara uku yana kai dosiye ofis-ofis ba labari. Uwarsa ta kwashe adashinta, ta saida ɗan bijimin da take kiwo, ta saya masa moto yana kabu-kabu. Ranar da kasuwa ta yi kyau yakan koma gida da jika 2 ko 3 bayan ya cire kuɗin mai. Ba arziki ba ne, amma ana rufa asiri, har cefane yana taimakawa.

Ya je taron farko a wani otel, kuɗin shiga jika 5. Daga nan aka ce masa wannan somin taɓi ne, ainihin sirrin yana cikin formasiyo ta kwana biyar, jika 75, kuma gurbi ya kusa ƙarewa, wanda bai biya kafin Juma'a ba farashi zai ninka. Ya ci bashi ya biya. Ranar rufewa aka ba shi atestasiyo mai zanen zinariya, aka ɗauki hoto, sannan kocin ya ja shi gefe ya ce ya lura shi na daban ne, ya cancanci rakiya ta musamman ta wata uku, wadda za a koya masa oda daga Chana da saida kaya ta intanet. Jika 250. Nan ne moton ta tafi.

Mi ya samu? An sa shi cikin wani gurup na WhatsApp. Kullum da asuba ana turo muryar ƙarfafa gwiwa, ana turo wasu takardu da daga baya ya gano suna nan kyauta a intanet. Da ragowar kuɗin moton ya yi odar agoguna da ƴan kunnen waya. Babu wanda ya zauna da shi ya lissafa masa kuɗin jirgi, da na duwan, da na tiransite, balle a gaya masa cewa irin kayan nan sun cika babbar kasuwa, waɗanda ke shigo da su kwantena-kwantena suna saida su ƙasa da yadda shi ya sayo. Da ya kai kuka, amsar da ya samu ita ce har yanzu tunanin talaka bai fita daga kansa ba. Sai kuma aka yi masa tayi: duk wanda ya kawo ya yi rajista, yana da kaso. Ya kawo abokansa biyu na fada. Yau ba sa gaisawa.

Ranar da na je gaida innata, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi: "Ɗana, ai da ya ce mini a bakinka ya ji, shi ya sa ban hana shi ba." Na ce: "Inna, ki gafarce ni." Ban samu abin ƙarawa ba. Shi kuwa yaron yana zaune a kan tabarma ya sunkuyar da kai, ya ce: "Yaya, ba laifinka ba ne, ni na yi wauta." To ni ban yarda wauta ce kaɗai ba, kuma dalilin wanga rubutu ke nan.

Mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi irin na ƴan aji shida. A ce mutum 200 sun shiga taron farko, kowa jika 5, miliyan 1 ke nan. A cire kuɗin ɗakin taro da ruwa da talla. A ce 30 daga cikinsu sun wuce formasiyo ta jika 75, miliyan 2 da jika 250. A ce 5 kacal sun shiga rakiya ta jika 250, miliyan 1 da jika 250. Jimla miliyan 4 da rabi, cikin wata guda, a gari guda. Babu kaya a hanya, babu kamyon da zai faɗi, babu naira da za ta karye a hannunsa, babu ruwan da zai jiƙa masa buhu. Gobe ya tashi Damagaram, jibi Tawa, gata ya sake suna ya dawo. Lallai mutumin ɗan kasuwa ne, ba ƙarya ya yi ba a nan. Sai dai hajarsa ba agogo ba ce, ba kaji ba ce, ba kuɗin intanet ba ce. Hajarsa mu ne da muka cika kujerun.

A ƙasar da mafi ƙarancin albashi na doka yake jika 42 a wata tun farkon 2024, jika 250 kusan albashin wata shida ne. Jarin tebur ne cikakke. Tumaki ne na turka da za a saida da babbar salla. Keken ɗinki ne da kuɗin hayar rumfa. Mutum ya ɗauki jarin da zai fara sana'a ya ba wani don ya koya masa yadda ake samun jari. Hausawa dai sun riga sun gama magana: idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Wanda ya san hanyar da jika 100 ke zama miliyan cikin wata uku, mi zai kai shi yawon otel-otel yana tara jika biyar-biyar ɗin ƴan makaranta? Wane ɗan kasuwa kuka taɓa gani ya gano inda kaya ke araha, sannan ya hau rediyo yana kiran mutum 200 su zo ya nuna musu wurin?

Kada wani ya ce yaranmu ne ba su da wayo. A'a. Waɗannan mutane sun san inda ke mana ciwo. Sun san akwai dubban matasa da suka gama lise da jami'a, diplom yana cikin leda ƙarƙashin katifa, konkur ɗin gwamnati sai a shekara ba a buɗe ba, in an buɗe mutum dubbai ke rububin gurbi kaɗan. Sun san nauyin da ke kan saurayin da ya kai talatin yana ɗakin zaure, ƙannensa na kallonsa, budurwarsa an kai kuɗinta wani gida. Sun san kunyar zaman fada daga safe har dare. Mai jin wannan raɗaɗin idan aka ce masa ba kai ne matsala ba, sirri ne aka ɓoye maka, ga shi nan jika 75, zai biya. Kuma mu ƴan lakwal mun fi saurin faɗawa, don an rene mu a kan cewa ilimi shi ne abin da ake bayarwa a aji, da allo, da faransanci, a ƙarshe a ba ka takarda. Alhajin da bai san ABCD ba amma yana juya miliyoyi a ƙwaƙwalwarsa, a ranmu ba mu ɗauke shi malami ba. Mai kravat da ba ya da ko tebur, shi muke kira koci.

Dabarar da ta fi ba ni haushi ita ce ta tunanin talaka. Ku duba yadda aka ɗinka ta. In ka ci nasara, tsarin koci ne ya yi aiki, a ɗauke ka bidiyo a yi talla da kai. In ka faɗi, kai ne ba ka gyara tunaninka ba. In ka yi tambaya, kana da hassada ko ƙaramin buri. In mahaifinka ya ce ka yi hattara, ai an riga an gaya maka tun ranar farko cewa ka nisanci masu kashe gwiwa ko da ƴan gidanku ne. Wato an toshe duk ƙofar da gaskiya za ta shigo. Shi ya sa waɗanda aka cuta ba sa magana. Suna ganin laifinsu ne, suna jin kunya, wasu ma sun jawo abokai don haka bakinsu ya ɗaure. Shirunsu kuwa shi ne jarin kocin na gaba.

Sai kuma hotuna. Mota, otel, tikitin jirgi, hoto a gaban dogon benen Dubai. Jama'a, mota ana haya, kwat ana aro, hoto kuwa yanzu waya ma tana ƙera shi. Ko da na gaske ne, hoto yana nuna kuɗi ne, ba ya nuna inda kuɗin suka fito. Kun tuna ɗan Najeriyar nan Hushpuppi, wanda miliyoyin mutane ke bi a Instagram saboda motoci da jiragen da yake nunawa? A Dubai aka kama shi a watan Yunin 2020, a 2022 wata kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin shekara 11 da ƴan watanni kan halasta kuɗin damfara. Ba ina cewa duk mai ɗora hoto ɓarawo ne ba. Ina cewa in kocinka ya nuna maka sabuwar mota, ka tambayi kanka ko kuɗin rajistarka na cikin tayoyinta.

Wannan sana'a ba a nan aka ƙirƙiro ta ba, kwafo ta aka yi, har da kalmomin. A Amurka an yi wata makaranta mai suna Trump University, daga 2005 zuwa 2010, da ke alƙawarin koyar da sirrin arziki da harkar gidaje. Tsarin iri ɗaya ne da wanda ɗan'uwana ya faɗa: taron farko kyauta, na biyu da kuɗi, na ƙoli har dala 35.000 ta Amurka. Ɗalibai suka kai ƙara, a watan Nuwamban 2016 aka sasanta kan biyan dala miliyan 25, ba tare da mai makarantar ya amsa laifi ba. Littafin nan kuma da kocinmu ke rantsuwa da shi, wanda ake saidawa a bakin titi a Yamai, Père riche, père pauvre na Robert Kiyosaki, ya fito ne a 1997, kuma maganar gidaje da bashin banki da harajin Amurka yake yi, ba maganar buhun wake a kasuwar Tasawa ba. A 2012 ɗaya daga cikin kamfanoninsa ya bayyana karyewa bayan kotu ta ce ya biya kusan dala miliyan 24 ga wani kamfanin shirya taruka. Karanta littafin ba laifi ba ne, ni ma na karanta. Amma wanda ya haddace shi ya zo ya saida maka haddar jika 75, bai koya maka kasuwa ba.

Faransa ma da abin ya ishe su, a watan Yunin 2023 suka yi doka kan masu talla a shafukan sada zumunta, mai hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 300.000, kusan sefa miliyan 197. Can akwai hukumomin da ke bin sawu, akwai lauyoyi, amma duk da haka ana cin mutane. To ina ga nan, inda ake tura kuɗi ta waya babu rasit, babu kwantiragi, babu ko sunan gaskiya na wanda aka tura wa?

Akwai kuma masu koyar da tiredin, wato cacar canjin kuɗi da kuɗin intanet, waɗanda ke saida sigina a Telegram. A 2014 hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Faransa ta bi asusun kusan mutum 15.000 masu wannan harka na tsawon shekara huɗu. Kashi 89 cikin 100 asara suka yi, kuma matsakaiciyar asarar mutum guda ta kai kusan yuro 10.900, sama da sefa miliyan 7. Waɗannan mutane ne masu kwamfuta da intanet mai ƙarfi da wutar da ba ta ɗaukewa, suna hulɗa da kamfanoni masu lasisi. Kai da ke tiredin da forfe na dala ɗari a ƙarƙashin bedi, wa ya ce maka kana cikin ragowar 11? Sau da yawa ma mai saida siginar ba daga tiredin yake ci ba, daga kuɗin wata-wata da kuke biya yake ci, da ladan da ake ba shi kan kowane sabon asusu da aka buɗe ta hannunsa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga MMM da ta yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, sun kuma ga CBEX a Afrilun 2025. Kowace daga cikinsu tana da masu wa'azinta da ke tara mutane suna koyar da yadda ake shiga. Duk inda aka ce maka ribarka tana cikin kawo wasu, yi lissafi: in kowa zai kawo mutum 5, hawa na 11 kaɗai yana bukatar mutum sama da miliyan 48, fiye da duk al'ummar Nijar har da jarirai. Dole wani ya kwana a ciki, kuma na ƙasa ne ke kwana.

Abin takaici, mu da ake zuwa koya wa kasuwanci da majigi, a garin kasuwa aka haife mu. Alhazan Maraɗi har littafi wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta a kansu a 1986, yana bayanin yadda suka taso daga cinikin gyaɗa zuwa fataucin iyaka da Katsina da Kano. Yaya suka koya? A hannun ubangida. Yaro ya shiga shago yana shara, yana ɗaukar kaya, ana aikensa. Sannu a hankali a bar masa tebur, a aike shi Jibiya ko Kano da kuɗi kaɗan a ga amanarsa, a ƙara masa. Ya ga yadda ake taya kaya, yadda ake gane mai biyan bashi da mai cinyewa, yadda ake canjin naira da sefa da safe kafin farashi ya juya. Bayan shekaru a sallame shi da jari ko a ba shi kaya bashi ya buɗe nasa. A duk tsawon lokacin nan ba ya biyan ko dala, shi ake ciyarwa.

Na je na zauna da wani dattijo mai shagon hatsi da mahaifina ke saye a wurinsa tun muna yara, na ba shi labarin nan. Na ce: "Baba Alhaji, ku da kuka yaye yara da yawa, nawa kuke amsa?" Ya yi dariya ya ce: "Yaro, ni in na koya wa yaro ba daidai ba, kuɗina ne za su ɓace a hannunsa. Shi wancan malamin naku, in yaron ya faɗi, mi ya rasa?" Wallahi tambayar nan ta fi duk formasiyon da na taɓa zama a cikinta. Ubangida yana cin riba ne in ka ci, yana asara in ka yi asara, kuma gobe za ku haɗu a masallaci da wurin suna da jana'iza. Koci ya riga ya ci tasa ribar tun ranar da ka tura kuɗi, faɗuwarka ba ta rage masa komai, kuma ba ka san ƙofar gidansu ba.

Ba ina cewa tsarin ubangida aljanna ne ba. Akwai iyayen gidan da ke riƙe yaro shekara goma sha su sallame shi da addu'a kawai. Akwai waɗanda ba ɗan kowa suke ɗauka ba sai nasu. Ƴan mata kuwa galibi ƙofar a rufe take gare su. Kuma gaskiya ne akwai abubuwan da tsofaffinmu ba su iya ba: rubuta shige da fice a littafi, raba kuɗin shago da na cefane, talla ta waya, cike takardun banki. Wannan giɓin ne masu kravat suka gani suka shigo ta cikinsa. Haka kuma ba ina cewa duk mai karɓar kuɗi ya koyar macuci ne ba. Malamin da ya koya maka kontabilite, ko gyaran sola, ko haɗa abincin kaji, ko ɗinki, ya cancanci ladansa, kuma akwai matasanmu masu gaskiya da ke wannan aiki. Bambancin a fili yake. Mai gaskiya yana ce maka zan koya maka abu kaza, cikin kwana kaza, kuɗinsa kaza, in ka gama za ka iya yin kaza da hannunka. Ɗayan kuwa ba sana'a yake saidawa ba, arziki yake saidawa, abin da ba ya hannun kowa sai Allah.

Don haka kafin ka tura ko dala, ka yi masa tambayoyin da ni ban yi ba. Malam koci, ina shagonka ko gonarka ko kamfaninka, in je in gani da idona? Ban da koyarwa, mi kake saidawa, tun yaushe, kuma wa ke saye? Kana da rajistar kasuwanci da lambar NIF? Haɗa ni da mutum uku da suka gama a wurinka shekara guda da ta wuce, ba waɗanda ke cikin bidiyonka ba, in je in same su a wurin sana'arsu. Cikin ɗalibanka nawa ne suka faɗi? Za ka ba ni rasit da takardar yarjejeniya mai cewa in ba a cika alƙawari ba za a maido mini kuɗina? In ka tabbata da tsarinka, ka yarda in biya ka daga ribar da zan samu? Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan ba. Wanda ya fara cewa ba ka da imani da kanka, ko ya ce gurbi biyu suka rage sai ka biya yau, ka gode masa ka kama hanya. Ilimi ba tumatir ba ne da zai ruɓe kafin Juma'a.

Ka kuma gwada shi da tambayar gida. In ya ce ya san harkar noma, tambaye shi nawa buhun albasar Galmi yake lokacin girbi, nawa yake bayan wata huɗu, kuma kashi nawa ke ruɓewa a rudu kafin lokacin. In ya ce oda daga waje, ya lissafa maka kuɗin kwali guda tun daga masana'anta har ƙofar shagonka, da hanyar da kaya ke bi yanzu tun da al'amuran iyakoki suka canja a 2023. In ya ce kiwon kaji, ya gaya maka abin da ke kashe su a watan Afrilu da kuɗin abincin kaza guda har ta fara ƙwai. Duk tsohuwar da ke sana'ar tana da amsa a bakinta. In shi sai ya koma maganar buri da hangen nesa, ka san inda aka kwana.

Kuma ba a rasa wuraren koyo ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a cikin komin-komin. Akwai asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa horon sana'a. Akwai Maison de l'Entreprise da zauren ƴan kasuwa ga mai son yin rajista da neman bayani. Mai son noma da kiwo, RECA na fitar da takardun bayani kyauta, SIMA kuma na bin farashin kasuwannin hatsi. Ba na ce duk suna aiki yadda ya kamata ba, kun san halin kayan gwamnati, wani lokaci sai ka yi ta sintiri. Amma suna da ofis, suna da ƙofa, in an cuce ka ka san inda za ka koma. Iyayenmu mata kuwa sun riga mu nisa. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da CARE, mata na zuba ƴan kuɗinsu mako-mako a akwati, suna ranta wa juna, suna rabawa in zagaye ya cika. Tsarin nan daga nan ya bazu ƙasashe da dama na duniya. Turawa na zuwa koyon abin a wurin iyayenmu, mu kuma muna saida moto mu sayi muryar WhatsApp.

Saura mu ƴan rediyo da masu manyan shafuka. Na san halin da gidajenmu ke ciki, talla ce ke biyan wuta da albashi, wata ma sai ya wuce ba a biya ba. Amma mai saurare a ƙauye ba ya bambance talla da labari, muryar da ya saba da ita yake ji, ita ya yarda da ita. In mun ba mutum makirfo, amanar da jama'a suka ba mu ce muka ara masa. Ni dai na yi wa kaina alƙawari, kuma na gaya wa shugabannina: duk mai zuwa tallar koyar da arziki a shirina, zan faɗa a fili cewa lokacin biya ya yi, kuma tambayoyin nawa ne ba nasa ba, ta farko kuwa ita ce ina shagonka. Tun daga lokacin biyu sun zo, da suka ji sharaɗin ba su dawo ba.

Ku kuma da abin ya riga ya faɗa muku, don Allah ku daina ɓoyewa. Ba ku ne na farko ba, kuma ba ku da abin kunya, wanda ya karɓa shi ke da ita. Ku adana saƙonni da shaidar tura kuɗi, ku haɗu ku je komisariya ko jandarmeri, ƙasar nan tana da dokar laifukan intanet tun 2019, zamba cikin aminci kuwa laifi ce tun kafin a yi waya. Ko kuɗin ba su dawo ba, ƙaninku ba zai faɗa ramin ba.

Ɗan'uwan nawa yanzu yana wurin wani mai gyaran sola da famfon rijiya, wata na bakwai ke nan. Ba a biyansa abin kirki, kuɗin abinci ne da ɗan na sabulu, hannunsa duk ya yi kanta. Makon jiya ya kira ni yana murna, wai maigidan ya tura shi wani ƙauye shi kaɗai ya haɗa faranti huɗu, kuma ruwa ya fito. Atestasiyon mai zanen zinariya tana nan rataye a ɗakinsa, ya ce ya bar ta ne don ta riƙa tuna masa. Moton dai ba ta dawo ba, ni da shi muna zuba adashi.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ko ya ci riba ko ya yi asara, ya ba mu labari a ƙasa, ba sai ya kama sunan kowa ba. In kuma akwai kocin da ke ganin na yi masa rashin adalci, ƙofar studiyo a buɗe take, kyauta ma, ya zo da adireshin shagonsa mu je tare. Allah Ya ba matasanmu sana'a mai albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin juna. Sai mun haɗu a shirin safe.